Wutsiyar Lambar Orest Pawluk

A yankinmu kowane gari yana da ƙaton abu guda a bakin babbar hanya. Garin da ke gabas da mu yana da dinyar siminti mai tsayin bene. Na yamma yana da kofin shayi da mutum shida za su iya wanka a ciki. Masu wucewa sukan tsaya su ɗauki hoto, su sha mai, su ci abinci, su ƙara gaba. Mu a Vesna abin da muke da shi allo ne da ke roƙon a rage gudu, shi ma ba a cika kula shi ba.

Saboda haka kwamitin gari ya yanke cewa ranar walimar kaka za a zaɓi namu ƙaton abin. Ni na koyar da lissafi a makarantar garin har na yi ritaya, don haka aka sa ni a kwamitin, bisa kyakkyawan zaton cewa zan iya ƙirga hannuwa.

Shawara biyu suka zo. Ta farko ta Lorna Demchuk ce, mai gidan abincin da muke shan kofi kowace safiya. Ta ce a gina ƙaton kabeji, tunda shi muke nomawa a bayan gida, shi muke naɗewa da nama a kowane biki da kowace jana'iza. Ta biyu ta mijin yayarta ce, Orest Pawluk.

Orest manomin alkama ne, kuma ya taɓa zama ɗalibina. Na tuna shi a matsayin yaron da ke ba da amsa kafin a gama tambaya, kuma yawanci amsar wata tambayar ce daban. Da ya girma ya ƙera injin kwashe dusar ƙanƙara wanda ya kwashe ta duka daga titi ya zuba a ƙofar coci. Har yau yana cewa injin ya yi aiki, cocin ne ba a gina shi inda ya dace ba.

"Kabeji," in ji shi a teburin kofi, yana girgiza kai. "Mutane na can suna leƙen taurari, mu muna nan muna kabeji."

"Kai da ka cinye naɗi tara jiya a gidana," in ji Lorna tana zuba masa kofi.

"Don kada ki ji kunya na ci."

"Na gode. To me ka kawo mana, mijin yaya?"

"Lamba."

Abe Thiessen, maƙwabcinsa na gona, mutum ne da ba ya magana sai ya juya cokali a kofi tukuna. Ya juya cokalin, ya ce, "Ta waya?"

"Lambar da ba ta rabuwa. Ƙatuwa. Wadda ba wanda ya taɓa gani. Zan gano ta, in rubuta ta a jikin tsohon rumbun alkama na bakin layin dogo, a sa mata sunana. Malam, yi musu bayani, ni in na yi zai yi musu zurfi."

Na yi musu. Na ce a ɗauki bakwai. A raba wa mutum biyu, ɗaya ta yi saura. A raba wa uku, ɗaya ta yi saura. Ba ta rabuwa daidai sai an ba mutum guda duka, ko an ba mutum bakwai ɗai-ɗai. Irin waɗannan lambobi ba su da iyaka, amma in suka yi girma sai su yi wuyar samu, shi ya sa wasu mutane ke barin kwamfutocinsu suna farautarsu.

"Kamar gādon gidan Kowalchuk ke nan," in ji Abe. "Shi ma har yau bai rabu ba."

"Kusan haka," na ce. Na ƙara da cewa abu na farko da ake dubawa wutsiya ce. Duk lambar da ta ƙare da biyu, huɗu, shida ko takwas, tana rabuwa biyu. Wadda ta ƙare da biyar ko sifiri kuwa...

"Wannan na 'yan aji uku ne, Malam," in ji Orest. Abe ma ya riga ya tashi biyan kuɗin kofinsa.

Lorna ta ajiye buta. "In wani ya raba ta fa?"

"Ba mai raba ta."

"In an raba?"

Orest ya miƙe tsaye, abin da yakan yi duk lokacin da zai faɗi maganar da za a daɗe ana tuna masa. "In mutum ɗaya ya raba lambar da ke jikin bangon nan, na janye. Kuma kabejinki da hannuna zan gina shi."

"Kun dai ji," in ji Lorna. "Malam, kai ne shaida."

Ya fara da tara kwamfutoci. Ya bi gida gida ya karɓo duk wadda aka daina amfani da ita, har ya cika garejinsa da guda goma sha biyu. Na leƙa na ga guda ɗaya ce ke lissafi. Sauran a kunne kawai suke.

"Waɗannan fa?" na tambaya.

"Suna ba ta ƙarfin gwiwa."

Ranar Asabar da yamma, ana tsakiyar wasan hokin kan ƙanƙara a talabijin, ya jona ta goma sha uku. Wutar unguwar gaba ɗaya ta ɗauke. Maza suka fito ƙofar gida da safa a ƙafa, kowa na duban garejin Pawluk, ba wanda ya ɓata lokaci wajen duban wani wuri. Matarsa Marlys ta fito da tocila.

"Tsoho, naman da ke firiza na mutum huɗu ne, ba namu kaɗai ba."

"Ilimi yana da tsada, Marlys."

"To je ka gaya wa Abe, ga shi can yana tahowa."

Abe bai yi faɗa ba. Ya tsaya ya dubi garejin, ya gyara wata kwamfuta da ta karkace a kan kanta har ta yi layi da 'yan'uwanta, ya koma. Haka yake. Abe ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. In yana yankan ciyawar bakin gonarsa yakan shiga ta maƙwabci don kusurwa ta fita daidai.

Bayan ɗan lokaci kwamfutar ta fitar da doguwar lamba mai ƙwayoyin lambobi a jere dubu huɗu da 'yan kai. Na duba yadda aka samo ta, ban ga dalilin shakka ba, abin da ya ɗan ba ni mamaki. Na dai gaya wa Orest cewa an san waɗanda ke da ƙwayoyi miliyoyi, kuma wayar da ke aljihunsa ma za ta iya samo irin tasa in an ba ta lokaci.

"Waɗancan a ina suke?"

"A cikin kwamfutoci."

"Akwai wadda ke jikin bango?"

"Ban sani ba."

"To ka gani."

Ya buga ta a kan doguwar takardar rasit da ya aro a shagon Lorna, ya fito da ita tsakiyar titi don jama'a su ga tsawonta. Iskarmu ba ta cika jiran a gama jawabi ba. Ta fizge takardar ta yi arewa da ita, Orest na biye yana kiran a tare. Rabi ya maƙale a wayar shingen Abe, ɗaya rabin shanun Abe suka duba suka yarda da shi.

"Ka ce ba ta rabuwa," in ji Lorna daga ƙofar shago.

"Takarda ce ta rabu."

"Shanun ma sun raba daidai, na gani. Ba faɗa."

Ya sake bugawa, wannan karon a kan kwali. Ya yanka farantan roba masu hujin lambobi, daga sifiri zuwa tara, kowanne faɗin tafin hannu, ya sayi baƙin fenti, ya jingina dogon tsani a jikin rumbu. Zai jera ƙwayoyin layi layi daga sama zuwa ƙasa. Layuka uku na farko ya yi su cikin sauri da waƙa. Sai direban motar makaranta ya tsaya ya ɗaga kai.

"Orest, duk lamba uku da ka rubuta ta juya baya."

Ashe farantan a kife ya riƙe su. Ba a iya karanta rubutun sai a madubin mota.

"Da gangan ne," in ji Orest daga saman tsani. "Don waɗanda suka riga suka wuce."

Duk da haka washegari ya shafe da farin fenti ya sake farawa. A tsakanin nan ya dami jami'ar birni da waya har suka gaji suka yi alkawarin turo wata Farfesa Nakagawa ranar buɗewa. Daga baya ta gaya mini a gona ta tashi, kuma da ta ji akwai walimar kaka ba ta tambayi sauran bayani ba.

Aikin ya kai kusan rabi lokacin da Orest ya gama wani layi da ya yi masa kyau ƙwarai. Ya ja da baya don ya ƙare masa kallo. A kan tsani yake.

Likita ya ce ƙafar ta karye a wuri biyu. Orest ya ce da wani ne da ta karye a wuri biyar.

A nan ne al'adarmu ta shigo. In mutum ya kwanta da aiki a gabansa, ba a tambayarsa. Maƙwabta kan zo da injinansu su yi masa gayya, mata su kawo abinci, a gama a watse. Doka ɗaya ce a kan wanda aka yi wa: ya gode. Ba ya cewa layin nan ya karkace, ba ya cewa da kun yi kaza. Ana ba da labarin wani da ya taɓa ƙorafi a kan yadda aka jera masa damin ciyawa. Shekarar da ta biyo baya dusar ƙanƙara ta rufe hatsinsa a gona, kowa ya wuce yana ɗaga masa hannu cikin fara'a.

To alkamar Orest ba ta gama bushewa ba, don haka Abe ya ce a fara da bango, alkama ta biyo bayan walima. Ranar da suka taru ni na ɗauki Orest zuwa birni a sake ɗaukar hoton ƙafar. A hanya ya yi mini bayanin yadda ake tuƙi. Kafin mu dawo maza ashirin da tsani takwas sun gama aikin, sun rufe bangon da tamfol ɗin rufe hatsi, sun ɗaure shi tam. Marlys ta ɓoye mukullin mota, ta ce ƙafar nan ba za ta ƙara kusantar rumbu ba sai ranar buɗewa.

Ranar ta zo da sanyi da rana mai haske. Gari duka ya taru a gindin rumbu kafin a wuce zauren coci cin talotalo. An ɗora Orest a bayan motar ɗaukar kaya, da sandunan dogarawa da filasta a ƙafa da rigar aurensa, wadda ba ta ƙara girma ba tun lokacin. Farfesa Nakagawa, 'yar gajeriya mai furfura, tana gefe da kofin kofi a hannu.

Ya yi jawabi. Ya fara daga mutanen dā da suka ƙirƙiro lissafi, ya bi ta kan wasu da ya ce sun yi ƙoƙari, ya iso kan kansa. Sai ya tuna da maƙwabta.

"Abe da jama'arsa sun riƙe goga, ban musa ba. Amma goga ba ta tunani. Kowace ƙwaya da ke jikin bangon nan tawa ce. Da idona na bi su ɗaya bayan ɗaya, daga kai har wutsiya."

Na dubi Marlys. Mukullin motar yana rataye a wuyanta.

"Kuma ina maimaitawa gaban Farfesa: duk wanda ya raba ta, kabeji ya ci. A buɗe."

Aka ja igiya. Tamfol ya sauko gaba ɗaya a kan shugaban kwamiti, aka ɗan ɓata lokaci wajen nemo shi. Sannan kowa ya ɗaga kai.

Gaskiya aikin ya yi kyau. Layuka a miƙe, gefe da gefe daidai, kamar gonar da aka shuka da igiya. Aka tafa. Farfesa ba ta dubi sama ba. Ta taka a hankali zuwa kusurwar ƙasa ta dama, ta sunkuya. Na bi ta, na ga abin da ta gani, na ji kamar an mayar da ni aji ranar Litinin.

"Malam Pawluk," ta ce, "waɗannan sifiran fa?"

"Waɗanne?"

"Na ƙarshe. Guda goma sha ɗaya a jere."

Orest ya buɗe baki, amma Abe ne ya matso, hularsa a hannu, da murmushin mutumin da aka lura da ƙwazonsa.

"Wannan mu ne, Farfesa. Layin ƙarshe ya ƙare a tsakiya, ya bar kusurwa tsirara. Ba ma barin gona haka. Muka zauna muka yi shawara. Wani ya ce a cika da tara, na ce a'a, wannan ƙari ne a kan kayan mutum. Sifiri kuwa ba komai ba ne. Ba mu ƙara masa ba, ba mu rage masa ba."

Maza ashirin suka gyaɗa kai.

"Tunanin ya yi tsabta," in ji Farfesa. "Sai dai sifiri a wutsiya ninkawa goma yake yi. Yanzu lambar tana rabuwa biyu. Tana rabuwa biyar. Tana rabuwa goma, da ɗari, da dubu. Zan iya ci gaba, amma na ji ƙamshin abinci."

Lorna ta ɗaga hannu kamar ɗaliba. "Farfesa, tebur goma ne a zauren coci. Za ta kai?"

"Har ba saura."

"In an ƙara na yara biyu, a cire na ƙofa biyu, a raba kowanne gida biyu?"

"Ashirin ke nan. Za ta kai."

"Mijin yaya, ka ji. Ta fi gādon Kowalchuk sauƙin hali."

Fuskar Orest ta yi ja har kunne. Ya juya kan Abe, ya ɗaga sandar dogarawa ɗaya.

"Wa ya ce ku..."

"Tsoho," in ji Marlys, ba ta ko ɗaga murya ba. "Alkamarka na tsaye a gona. An ce dusar ƙanƙara na hanya."

Orest ya dubi mazan. Ashirin ne, kuma kowannensu yana da injin girbi. Suna dubansa cikin natsuwa, suna jiran ƙarshen maganar. Sandar ta sauko a hankali.

"...ku wahalar da kanku haka," ya ce. "Na gode."

"Ba komai, maƙwabci," in ji Abe.

Farfesa mutuniyar kirki ce, ta so ta taimaka. "In aka shafe sifiran nan, ina ganin abin da ya rage zai iya zama daidai. Fenti kaɗan ne."

Murmushin Abe ya ɗan ragu. Wani a baya ya yi gyaran murya. Ita ma ta tuna gonar da ta tashi a ciki, ta mayar da hankalinta kan kofinta.

"Kada a shafe komai," in ji Orest da sauri.

"To sifiran na wane ne?" in ji Lorna. "Don na ji an ce kowace ƙwaya taka ce, da idonka ka bi ta. Malam, na ji daidai?"

Na ce haka na ji.

Orest ya dubi bango, ya dubi gonarsa da ake hangowa bayan layin dogo, ya dubi sama ta arewa inda gajimare ya fara haɗuwa.

"Nawa ne," ya ce.

A zauren coci na ƙirga hannuwa. Ban sha wahala ba. Kabeji ya samu kowa, har da Marlys, har da Farfesa wadda ba ta da ƙuri'a amma ta ɗaga cokali mai yatsu. Orest ya ci naɗi goma sha ɗaya, ya ce don kada matan coci su ji kunya. A makon da ya biyo baya injinan girbi suka shiga gonarsa a jere, suka share ta har kusurwa, dusar ta sauko bayan an rufe rumbunsa.

Da bazara ya gina kabejin da hannunsa, kamar yadda ya yi alkawari, bai yarda kowa ya taimaka ba. Yana nan a bakin hanya. Masu wucewa sun kasu a kansa: wasu sun ce ƙwaƙwalwa ce, wasu sun ce balan-balan ce da ta sace. Lorna ta sa allo a gindinsa don rage gardama.

Amma motoci suna tsayawa. Yawanci a rumbu suke tsayawa, domin Farfesa ta ba ɗalibanta labari, su ma suka ba wasu. Sukan tafi kai tsaye kusurwar ƙasa ta dama su tsuguna a ɗauke su hoto. Abe kan zo lokaci lokaci ya sabunta fentin sifiran, don hannuwa suna goge su.

Kwanan baya wani baƙo ya shigo shan kofi ya tambayi wanda ya yi aikin. Orest ya miƙe tsaye.

"Ni ne. Wasu na wahalar neman lambar da ba ta rabuwa, lamba mai rowa, ta mutum ɗaya. Ni tun farko ta jama'a na nufa. Je ka zagaya lardin nan kaf, in ka samo bango mai lambar da ke rabuwa kamar tawa, ka dawo in biya maka kofi. Malam, ƙarya na yi?"

Na yi tunani sosai, domin ina son in yi masa adalci. Tun yana ajina wannan ne karo na farko da ban sami abin gyarawa ba.